Yakuwar Iya a Gidan Lord

Tun shekaranjiya ake ruwa a Salford, nan gefen Manchester. Ba wani ruwan kirki ba, irin yayyafin nan ne mai naci, sai ka isa gida ka ga ashe har safarka ta sha. Ɗazu ina cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, na taso daga aiki, weather app ya turo min wai za a yi frost, sanyin nan mai daskarar da raɓa, kafin asuba. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni da ba ni da gona, ko garden ba ni da shi, 'yan robobin yogurt ne kawai a jere a kan taga. Amma har yau in na ga kalmar nan sai tsoro ya kama ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko abin ya sake ni.

Shekarar da abin ya faru ina sixth form, ƙarshen sakandare ke nan. Muna zaune a Sparkbrook, a Birmingham, wani flat a saman shagon kayan miya, ni da Umma da Baba. Baba direban taxi ne, sai da sanyin shekarar ya samu stroke, shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita bai kwantar da shi ba, amma hannun hagu ya yi nauyi, ƙafar yana jan ta, kuma aka hana shi tuƙi. Mutumin da in yana gida ba ka jin muryar kowa sai tasa, ya tsokani Umma, ya tsokane ni, ya yi gardama da rediyo, sai ga shi ya koma kujerar bakin taga. Tun safe har magariba yana kallon bus na wucewa a Stratford Road. Ka ce, "Baba sannu," ya ce, "Yawwa." Shi ke nan.

Ba shirun ne ya fi ba ni tsoro ba. Baba ya daina maganar gaba. Umma ta ce za a canza labule kafin Sallah, ya ce, "Kwa gani." Na ce masa in na samu jami'a shi zai raka ni da kayana, sai ya dube ni kawai ya mayar da kansa taga. Sau nawa nake fitowa daga class in kira gida, ba don ina da abin faɗa ba, don dai in ji an ɗauka.

Ranar da muka kai shi wajen GP, wato likitarmu, matar ta gama auna shi sai ta tambaye shi me yake yi kafin taxi. Ya ce noma, a ƙauyensu can bayan Bichi, tun yana yaro. Ta ce to ita noma za ta rubuta masa. Akwai wani tsohon gida a bayan gari da ke ba mutane fili.

Umma ta juyo ta ce min da Hausa, "Ke Walida, mun zo neman magani za a haɗa mu da fartanya?"

Walida suke ce min saboda sunan Iya, mahaifiyar Baba, aka sa min.

Gidan yana da sunansa na Turawa, amma mu Gidan Lord muke ce masa. Bus biyu ake hawa, a sauka inda gidaje suka ƙare, a taka ta tsakanin wasu dogayen bishiyoyi. Sai ka gan shi tsaye shi kaɗai, jan bulo, tagogi ba iyaka, bututun hayaƙi birjik a sama. Masu shi sun daɗe da barinsa. Yanzu mutanen yankin ne ke riƙe da shi, yawancinsu volunteers, 'yan sa kai, tsofaffi masu koren fleece, rigar sanyi. Yaran makaranta su zo kallon hotunan mutanen da a bango, tsofaffi su zo cin abincin rana, masu kare su zo yawo, ran Asabar a yi biki. A baya kuma akwai lambu da aka kewaye da katanga mai tsayi, inda da can ake noma wa Lord abin da zai ci. Shi aka yayyanka aka raba wa irinmu.

Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon ginin. Ya ce, "Wannan duk na mutum ɗaya ne?" Ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a watan.

Carol, wata Baturiya mai furfura da ke kula da lambun, ita ta nuna mana namu, a jikin katangar da rana ke duka. Maƙwabciyarmu a fili kuwa sai muka ji ta ce, "Sannunku da zuwa!" da Hausa raɗau. Maman Ladi ke nan, 'yar Kafanchan, tana zaune a Perry Barr, aikin care take yi, kula da tsofaffi da marasa lafiya, daga shift take wucewa lambu da rigar aikin a jikinta.

Ran nan da muka koma gida Baba ya sa na sauko masa da wata tsohuwar jaka daga saman wardrobe. A ciki akwai ƙullin tsumma. Gurguzu ne, irin yakuwa. Iya ce ta ba shi a zuwansa gida na ƙarshe, bai daɗe da dawowa ba ta rasu. Jar yakuwa ce da take shukawa a bayan ɗakinta tun tana amarya, duk shekara ta cire iri ta ajiye. Bayan rasuwarta an raba gidan, an yi gini a wajen. Abin da ke cikin tsumman nan, bai fi cikin tafin hannu ba, shi ne kawai ya rage.

Wajen ƙarshen watan uku aka yi wani ruwa mai ƙarfi, har da tsawa, ba irin yayyafin da muka saba ba. Da safe na fito zan tafi makaranta na tarar da Baba a tsaye, ya sa hula, ya sa takalmi.

"Ruwan shuka ne wannan," in ji shi.

Ban je makaranta ba. A lambun ya durƙusa da ƙyar, ya tura hannunsa mai lafiya cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo, ya shinshina. Ya ce laima ta kai. Ya yi kunya da kansa, ni ina riƙe masa sanda. Ya sara, ya jefa iri, ya take da diddige, ƙafar tana rawa amma bai yarda na taya shi ba. Fiye da rabin ƙullin ya zuba. Ba kowa a lambun ranar, daga mu sai tsuntsaye. A gida haka ake yi, ruwa in ya sauka ya jiƙa ƙasa, wanda ya tsaya jira shi ne rago.

Aka kuma yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, rana ta buɗe. Katangar nan ta riƙe ɗumi, sai ga tsiro, 'yan kunnuwa bibbiyu. Baba har tuwo ya ce a ƙara masa.

Sai wata safiya muka iso muka tarar ciyawa ta yi fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Raɓa ce ta daskare. Tun daga ƙofar lambun na hango kunyar Baba. Duk sun kwanta, sun yi baƙi, kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ya taɓa ɗaya da yatsa, ta narke a hannunsa. Ya juya ya nufi ƙofa. Muka hau bus muka koma. Da muka shiga gida ya cire hula, ya koma kujerar taga.

Satin nan ban san me aka koyar a makaranta ba. Umma ta dafa ta kai wa Baba, a mayar mata da kwano yadda ta kai. Ina jin ta a kitchen tana buɗe famfo don kar a ji kukanta.

Ran Lahadi da yamma aka buga ƙofa. Maman Ladi ce, daga coci, da ɗaurin kallabinta sama-sama da leda cike da robobin yogurt.

"Alhaji, ashe kai ma ruwan ƙasar nan ya yaudare ka!" Tun kafin ta zauna. "Ni shekarata ta farko masara na zuba, har da waƙa nake yi. Safiya ɗaya aka yi min aski."

Baba ya ce, "Allah ya kyauta."

"Ina sauran irin?"

"Na ajiye."

"Ka ajiye wa wa? Ƙwari? Walida, 'yata, kawo min ƙasar da na bari a bakin step, ƙafata ba ta hawa sau biyu."

Umma ta ce, "Maman Ladi, ki bar shi ya huta."

"Hajiya, hutun ne ke cin sa. Alhaji, matsa min da kujerar nan, tagar nake so. Nan ƙasar a ɗaki ake fara damina."

Ban san ko kunyarta ya ji ba, ko gajiya ya yi da surutunta. Ya dai miƙa min mabuɗin jakar. A kan tagar da yake kallon bus aka jera robobin, kowace da ƙwaya biyu. Da aka gama, Baba ya kakkaɓe tsumman. Babu saura ko ɗaya.

Daga ranar na shiga wani sabon tsoro. Da, iri yana cikin jaka, ba abin da zai same shi. Yanzu duk yana cikin ƙasa. Kullum kafin in wanke fuska sai na leƙa taga. Wasu ba su fito ba sam. Waɗanda suka fito, Baba ya riƙa juya su suna bin rana, ya hana Umma buɗe tagar ko da kitchen ya cika da hayaƙin suya. Sai ƙarshen watan biyar, da Maman Ladi ta ce yanzu kam, muka ɗauke su a kwali, a cinya, cikin bus, muka dasa.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya zo, lokacin da rana ba ta son faɗuwa. Ka yi sahur ido na lumshewa, ka wuni, ka ga la'asar ta wuce tun tuni amma gari tarwai kamar azahar. Ga shi ruwan da ya dame mu da yayyafi ya ɗauke ƙaf. Ciyawar gaban Gidan Lord ta koma ruwan ƙasa, ƙasar lambu ta tsattsage, aka kuma hana ban ruwa da tiyo. Sai dai a je wata tsohuwar kwatarniyar dutse a bayan bargar dawakai, inda ruwan rufi ke taruwa, a ɗebo da bokiti. Ruwan kore, yana warin gansakuka. Ni da azumi a bakina, leɓe ya bushe, ina jin ƙararsa yana shiga ƙasa, har haɗiyar yawu nake yi.

Baba bai yi azumi ba, an hana shi saboda magunguna. Abin ya dame shi ƙwarai. In lokacin shan magani ya yi sai ya zagaya bayan rumfar kayan aiki ya juya baya, kamar mai sata. Na yi kamar ban gani ba.

Yakuwa kuwa zafin nan ya yi mata daɗi. Ta miƙe har ƙuguna, kara ja wur, ganye shar. Umma ta yi fate da ita ranar farko da muka tsinko, tsaminta ya cika flat ɗin, Baba ya ci har yana gumi. Carol ta tauna ganye ɗaya, ta runtse ido, ta ce kamar lemo. Duk wanda ya wuce sai Baba ya tsinka ya ba shi. Magana ta ɗan fara dawowa. Na fara barci.

Sai na lura ya daina kallon ganyen. Hammatar reshe yake buɗawa yana dubawa, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba me kake nema?"

"Fure. Ganye ba iri ba ne, Walida."

Watan takwas ya wuce, ba fure. Watan tara ya shigo, safiya ta fara sanyi, ba fure. Carol ta bincika ta zo ta faɗa mana a hankali: yakuwa ba ta fure sai rana ta gajarta. A gida hakan na zuwa ne da kaka, gari da ɗuminsa. A nan kuwa, lokacin da rana za ta gajarta, frost ya iso.

Baba ya gyaɗa kai. "To a hannuna za ta ƙare ke nan."

Yadda ya faɗe ta, a sanyaye, ba ko ɓacin rai, shi ya tayar min da hankali. Muryar kujerar taga ce. Na koma kiran gida daga makaranta. Na sauke weather app har guda biyu a wayata, in wannan ya faɗi abin da ban so ba in duba wancan.

Cikin watan goma sai ga 'yan ƙulle-ƙulle ja a hammatar reshe, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ko murna ba mu gama ba, ran wata Alhamis ina cikin class waya ta yi motsi a aljihu. Frost, daren yau. Duka biyun suka faɗa.

Na fito waje na kira Maman Ladi. Ta ce, "Ki ɗauko babanki. Mu haɗu can."

A jikin Gidan Lord akwai wani dogon ɗaki da gabansa duk gilashi ne, orangery suke ce masa. Wai don bishiyoyin lemon Lord aka gina shi, a shigar da su in sanyi ya zo. Yanzu a nan ake biki, kuɗin bikin ne ma ke gyara rufin gidan. Nan Maman Ladi ta nuna wa Carol da baki, ta ce a shigar da yakuwar ciki.

Carol ta riƙe kai. Ta ce jibi akwai biki, an riga an jera kujeru, an shimfiɗa fararen ƙyallaye. Ba ita ke da ɗakin ba, na amarya ne har ran Lahadi.

"To kira amaryar," in ji Maman Ladi. Ta juyo gare ni ta koma Hausa. "Ɗakin da aka gina wa lemo, yau ya ga yakuwa. Ke kira mamanki, ki ce gayya ce."

Carol ta ɗauki hoton shukar ta tura, ta tsaya da waya a hannu. Rana ta fara karkata, iska ta tsaya cak, sama ta washe tas, irin washewar da na riga na san ma'anarta. Yatsuna sun fara ƙandarewa. Baba yana zaune a kan wani juyayyen bokiti, ya zuba wa ƙasa ido. Ni kuwa wayar Carol nake kallo kamar in fizge ta.

Kafin amsa ta zo mutane sun fara isowa. Matan cocin su Maman Ladi a mota ɗaya, sun cika ta maƙil. Umma da ƙawayenta na Islamiyya, da bokitan wanki da manyan robobin mai. Tsofaffin volunteers da shebur. Wani dattijo ɗan Pakistan mai fili a can ƙurya ya turo baro.

Wayar ta yi ƙara. Carol ta karanta, ta kwashe da dariya. Amarya ta ce ja ne kalar bikinta, a jera su ta bayan teburinta, a dai rufe bokitan kar su fito a hoto.

Wani tsoho ya kafa shebur dab da gindin ta farko, zai danna da ƙafa.

"Kai! Kai! No! Saiwar!"

Kowa ya tsaya. Baba ne. Ya miƙe tsaye, sanda a sama, muryar nan da na manta da ita ta cika lambun har tana dawowa daga katanga. Ya zo ya zana da'ira da sandarsa, nesa da gindin, ya ce daga nan za a haƙa, a ɗago da ƙasarta gaba ɗaya. Daga nan bai sake zama ba. Turanci, Hausa, duk wanda ya zo bakinsa. Wannan ta karkata bokiti, wancan yana sauri da yawa.

"Hajiya, haka ake riƙe shuka? Jariri ne a hannunki, ba kabeji ba!"

Umma ta tsaya da bokiti a ƙirji, ta dube shi, hawaye na zuba tana dariya. "Ji mutumin nan fa. Yau kuma ni ake wa faɗa."

"Ki bar shi ya yi, Hajiya," in ji Maman Ladi. "Alhaji ƙara mata!"

Muka yi ta jigila a kan tsakuwa, daga lambu zuwa ɗakin gilashi, masu hijabi da masu fleece da masu rigar aiki, numfashinmu na fita kamar hayaƙi. Bokitai suka ƙare kafin shukar ta ƙare. Waɗanda suka rage muka lulluɓe su da buhu muka bar wa Allah. Magariba ta same mu muna share ƙasar da muka zubar a daɓen Lord.

Washegari lambu ya yi fari. Na ƙarƙashin buhu duk sun tafi. Na ciki kuma sun sunkuyar da kai, ganye ya yi laushi, ba ka ce za su tashi ba. Aka yi biki a gabansu, aka watse. Muka ci gaba da zuwa, bus biyu, cikin duhun safiya da ruwa. Wasu suka bushe a tsaye. Kullum in mun doshi ƙofar sai na riga Baba leƙawa ta gilashi, don in shirya fuskata.

Kaɗan ne suka yi fure. Ruwan ɗorawa mai haske, da jan ciki, kowane wuni ɗaya yake yi ya rufe. Bayansa zoɓo ya fara kumbura, ja, mai sheƙi. Baba ya hana kowa taɓawa. Ya ce sai ya bushe a jikin uwarsa.

Sanyi ya riga ya kama sosai ranar da ya ce in zo in riƙe masa reshe. Ya ɓare ɗaya da hannunsa mai lafiya, ya murje ƙwanson a tafina. Na farkon ƙwayoyin duk farare ne, ba komai a ciki, iska ma ta ɗauke su. Na biyu haka. Ya sake ɓare wani. A na uku sai ga wasu baƙaƙe, masu tauri. Ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori. Na ji ƙas.

Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya juya wajen Maman Ladi, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da jakar aikinta.

"Baɗi," ya ce, "tun watan uku zan fara su a taga. Kuma fili ɗaya ya yi min kaɗan. Ki gaya wa Baturiyar nan."

Baɗi. Na juye masa irin a hannu, na fita, na zagaya bayan bargar dawakai inda kwatarniyar nan take, na zauna a kan dutse mai sanyi. Sai da na yi kuka mai isata sannan na wanke fuska na dawo.

Yanzu duk kaka akwai kusurwar da ake bar wa yakuwa a ɗakin gilashin nan, ba sai an roƙi amarya ba. Baba yana da nasa koren fleece ɗin, yana sa shi a kan kaftani, yana zagayawa da yaran makaranta yana ba su ganye su tauna su yamutsa fuska. Ƙafar ta ƙara nauyi, bus ɗin ma yanzu sai Umma ta raka shi. Ni aiki ya kawo ni Manchester. Na robobin da ke kan tagata jikokin jikokin waɗancan ne.

Ina tsakiyar rubutun nan ya kira.

"Walida, an yi ruwa wajenku?"

"An yi, Baba."

"Kar ki kuskura ki fitar da su."

"Suna ciki, a kan taga."

"Matsar da su daga jikin gilashin, sanyi na ratsowa. Kin ji abin da aka ce za a yi yau?"

"Na gani."

Ina jin numfashinsa, ina jin bus na wucewa ta bayansa. Na ci gaba da riƙe wayar. Har yanzu ba na iya ajiye waya sai na ji abin da nake jira, maganar gaba.

"Nawa ba su fito da kyau ba bana," ya ce. "Ki kula da naki. Baɗi ke za ki ba ni iri."

Na ce to, Baba. Bari in tashi in matsar da su.